Injin Baffa Zai Koyi Lissafi

Asabar, 13 ga Janairu, 2024

Yau injin ya kwana a gidana. Mu shida muka ciccibe shi muka ɗora a bayan a-kori-kura, daga shagon Baffa da ke Jekadafari har Tumfure, duk a cikin Gombe, muka sauke shi a ɗakin ƙofar gida inda uwargida take jibge buhunan masara. Ta ce tunda na kori masararta, duk ranar da injin markaɗen unguwa ya tsaya, gyaransa a wuyana yake. Na amsa, don ba ni da bakin musu.

Injin sassaƙar ƙarfe ne ƙirar Sin, irin wanda ake damƙe ƙarfe a bakinsa yana juyawa, wuƙa tana binsa tana fere shi. Yana juya abu mai kaurin milimita 250, tsawo kuma 550. Shekara goma sha biyar Baffa yana cin abinci da shi: bushin na Keke Napep, sandar injin niƙa, fuli, bakin famfon ban-ruwa na mutanen Dadin Kowa. Yanzu ido ya gaza, ƙananan lambobin jikin mariƙi ba ya ganinsu sai rana ta take, cikin 'ya'yansa kuma babu wanda ya ɗauki sana'ar.

Niyyata in cire mariƙan hannu biyu, na tafiyar tsawo da na shiga ciki, in sa wa kowanne moto, kwamfuta ta riƙa ba su umarni. Shi ne abin da ake kira CNC. Ba burga ce ta kai ni ba, tiredi ne, wato murɗaɗɗun haƙoran jikin sukuru ko bututu da noti yake hawa. Duk wanda ya taɓa yanka tiredi a irin wannan injin ya san wahalar: ka buɗe murfin gefe, ka kwance giyoyi, ka duba allon lissafi, ka jera wasu, hannu duk baƙin mai. Wannan ma in tiredin milimita ne. In na inci ne, irin na bututun ruwa, sai da giya mai haƙora 127, domin inci ɗaya milimita 25.4 ne, kuma 127 ce mafi ƙanƙantar lambar da take raba lissafin ba saura. Giyar Baffa ta ɓace shekara da shekaru. Tun daga nan da jerin da ya kusa daidai yake lallaɓawa, shi ya sa notinsa na inci yakan shiga zagaye bakwai ko takwas ya cije.

Da muka gama saukewa Baffa ya dafa gadon injin ya ce, "Injiniya, wai kwamfutar taka tana jin ƙarfe in ya yi kuka?"

Na ce, "Ba ta ji, Baffa, amma ba ta mantuwa."

Ya ce, "In gani a ƙasa, an ce da kare ana biki a gidansu."

Asabar, 27 ga Janairu

Kafin in kashe ko sisi, awo na fara. Hunturu ya cika ɗakin da ƙura, sai da na wanke gadon da kananzir. Na kafa agogon awo, mai nuna kashi ɗaya cikin ɗari na milimita, a jikin ƙaramin sirdin da ke kai wuƙa ciki. Na murɗa mariƙi gaba, na dawo da shi baya, sai da ya ci 0.35 kafin allura ta motsa. Wannan shi ne sako-sakon da ke tsakanin sukuru da notinsa. Baffa bai taɓa damuwa da shi ba, hannunsa ya san da zamansa: in zai ja baya sai ya zarce, ya sake shigowa ta gefe guda kullum. Kwamfuta kuwa da ta ce wa moto juya, ta ɗauka an tafi. Ga shi a wannan injin kuskure ninki biyu yake fita, tunda ƙarfen zagayawa yake yi: 0.35 a sirdi, 0.70 ke nan a kaurin aiki.

Don haka tsofaffin sukurorin za su fita, in sa irin waɗanda notinsu ke gudu a kan 'ya'yan boris. Na tsawo SFU1605, kaurinsa 16, kowane juyi yana tafiyar milimita 5. Na shiga ciki SFU1204, kauri 12, juyi 4. Ramin ƙarƙashin ƙaramin sirdi ƙunci gare shi, ko wannan ɗin ma sai na rage wa notin kunne.

Na kuma sassaƙa sandar gwaji mai tsawon 200 ban tokare ta ta baya ba. Bakin da ke kusa da cok, wato abin da ke damƙe ƙarfen yana juyawa, da na nesa sun bambanta da 0.06. Na rubuta lambar a bango da alli.

Asabar, 17 ga Fabrairu

Dala ta haura naira 1,500. Kuɗin da na tara tun bara don sayen komai, yau rabin kayan suka iya. Kuma na yi odar a mummunan lokaci, don sabuwar shekarar Sinawa ta faɗo ranar 10 ga watan nan, shaguna a rufe, babu mai ɗaure kaya sai sun dawo hutu.

Abin da na biya: sukurorin biyu da mazaunin boris ɗinsu, moto mai taku guda biyu girman NEMA 23, da direbobinsu DM556, wato akwatunan da ke karɓar umarnin kwamfuta su ba moto wuta. Na ƙara kuɗi a sassaƙa mini bakunan sukurorin tun daga can. Fatarsu a taurare take, wuƙar yau da kullum ba ta cin ta, kuma in baki ya karkace ko da ƙiris ne, sandar gaba ɗaya rawa za ta riƙa yi. Faifan alminiyon mai kaurin 12 na maƙallai kuwa wani abokina ne ya samo a Ƙofar Ruwa a Kano, ya ba direba ya kawo.

Asabar, 9 ga Maris

Ɗan Addata da ke karatun kwamfuta ya zo hutun mako, muka zauna kan zaɓen manhaja. Shi ya fi son GRBL a kan Arduino, don arha da sauƙi. Sai dai GRBL na asali bai san bin juyin kan inji ba, ba ya yanka tiredi, ni kuwa don tiredi na shiga wannan rigimar. Mach3 yana yi, amma sai da Windows da kuɗin lasisi, kuma sau ɗaya tak yake duba kan injin a kowane zagaye. Muka tsaya a kan LinuxCNC. Kyauta ne, asalinsa wani aiki ne mai suna EMC da hukumar ma'aunai ta Amurka, NIST, ta fara a shekarun 1990. Da datar dare muka sauke 2.9.

Abin da bai yi tsammani ba shi ne sabuwar laftof ɗinsa ta faɗi jarrabawa. Akwai gwajin jinkiri da manhajar ke yi, tana auna yadda kwamfuta take makara wajen aika bugu a kan lokaci. Laftof takan tsaya lissafin batir da zafi, sai ta makara. Wata tsohuwar Dell ta ofis da na saya a wajen masu kayan gwanjo, mai tsohuwar kafar firinta mai ramuka 25 a baya, ita ta kwana tana gwajin ba ta wuce nanosakan 18,000 ba.

Ya ce, "Kawu, wannan ai ta girme ni a harkar."

Na ce ita da injin sa'o'in juna ne, za su fahimci juna.

Asabar, 23 ga Maris

Azumi goma sha uku. Kwanon ɗakin kamar tanda. Ban taɓa komai ba sai zanen maƙallan moto a jikin kwali bayan tarawihi.

Asabar, 13 ga Afrilu

Kaya sun iso ana jajiberin Sallah, ni kuma na yi wauta ranar Alhamis.

Ina so in rage kunnen notin SFU1204, sai na murɗe shi na fitar daga sukurun kamar kowane noti. Kafin in ankara 'ya'yan boris sun watse a siminti, kowanne bai kai ƙwayar dawa ba. Ashe shi wannan notin ba a zare shi haka kawai, sai an kara masa bututun kwali ko na roba daidai kaurin cikin tiredi, a zame shi a kai, 'ya'yan su zauna a hanyarsu. Na san wannan. Na karanta, na kalla, ɗoki ne ya rufe mini ido.

'Yar autata ce ta cece ni. Ta ɗauko maganaɗisun tsohuwar sifika ta bi ƙasa kusurwa-kusurwa, na ƙarshen a cikin silifas ɗina ta same shi. Na wanke su da fetur, na kasa su kashi uku daidai, don hanyoyi uku ne a cikin notin, kowace da ɗan marfin roba da ke mayar da ƙwallo baya. Na shafa giris, na riƙa manna su ɗaya-ɗaya da tsinken ashana. Wurin da ake kuskure shi ne ramin da ke tsakanin hanya da hanya: in ƙwallo ɗaya ta faɗa nan, noti zai tafi kaɗan ya cije. Sau biyu ina zubarwa ina sakewa. Daga la'asar har bayan isha'i.

Ladan yarinya dai tsire ne, ta kuma sa sharaɗin kada a ba yayyenta.

Asabar, 4 ga Mayu

Tun ƙarshen Afrilu da ɓarayi suka kayar da turakun babban layin wuta na Jos zuwa Gombe muke cikin duhu. Janareta kawai, awa biyu da yamma, ina kallon fetur yana ƙonewa kamar jinina.

Na ɗauko sifana zan fara kwance injin, Baffa ya shigo ya tarar da ni. Ya ce, "Ɗana, in ka kwance shi, da me za ka sassaƙa kayan da za ka ɗaura masa?" Na ajiye sifana. Muka zauna muka lissafa duk abin da ke bukatar juyi: ramin fuli biyu, zoben tazara, mazaunin boris na ƙaramin sirdi, turakun da moto zai zauna a kai. Duk Baffa ya yi su da hannu, ni ina karanta masa lambobin mariƙi. Ramin boris ɗin da ya buɗe, da babban yatsa aka tura boris ya shiga, aka kifar bai faɗo ba. Wannan ne aikin hannu na ƙarshe da injin ya yi. Da ya gama ya goge mariƙan da tsumma ya ce in ajiye su wuri mai kyau, ko da na gaji.

Asabar, 1 ga Yuni

Ya motsa.

Lissafin shi ne: moton yana taku 200 a zagaye, na saita direba ya tsaga kowane taku gida takwas, bugu 1,600 ke nan. Na tsawo kai tsaye yake haɗe da sukuru mai juyi 5, saboda haka bugu 320 a milimita. Na shiga ciki ta bel yake ja, fuli mai haƙora 20 zuwa mai 40, sukuru mai juyi 4, bugu 800 a milimita. A takarda bugu ɗaya ya fi gashi siranta nesa ba kusa ba, amma ba na ruɗin kaina. Waɗannan gutsattsarin takun ba su da ƙarfin riƙe wuƙa in tana cikin ƙarfe. Abin dogaro shi ne cikakken taku, 0.01 a sirdi, 0.02 a kauri.

Da farko na danna hagu ya tafi dama. Na juya alamar a saiti. Na ce ya tafi 100, agogo da ma'aunin kalifa suka ce 100 ne. Sako-sakon da yake 0.35 ya koma 0.03.

Wutar direbobin bolt 36 ce. Wani maƙwabci mai sola ya ce me zai hana in ja kai tsaye daga batir mai bolt 48, in huta da janareta. Kada wanda ya gwada. Iyakar DM556 bolt 50 ce, batir mai 48 kuma in yana caji yana wuce 54.

Asabar, 22 ga Yuni

Mako biyu ina fama da abin da ya kusa sa ni mayar da mariƙan Baffa.

In na aika sirdi can ƙarshen gado na dawo da shi, ba ya dawowa inda ya tashi. Wani lokaci saura rabin milimita, wani lokaci biyu. A allo kuwa lamba tana nan daram, sifili. Moto mai taku haka yake: in nauyi ya fi ƙarfinsa sai ya yi ƙara ya tsallake taku, ba ya gaya wa kowa, kwamfuta ta ci gaba da ƙirga abin da ba a yi ba. Na ƙara wa direba wuta. Na rage gudu daga 3,000 zuwa 2,000 a minti. Na sake daidaita sukuru da gado har sau uku. Na zargi waya, na zargi kwamfuta, har na fara zargin wanda ya sayar mini.

Baffa ya zo gaisuwar Babbar Sallah, na kai shi ɗakin. Ya ce in kwance notin daga jikin sirdi. Ya sa tafin hannu ya tura sirdin daga bakin cok zuwa baya, idonsa a rufe. Ya wuce rabi kaɗan ya tsaya.

"Daga nan yake nauyi. Shekara nawa ina ƙara masa ƙarfi a nan."

Na ce, "Baffa, ai ba ka taɓa faɗa mini ba."

Ya ce, "Ni ma ban san ina yi ba sai yanzu."

Kusan duk aikin da ya yi gajeru ne, a kusa da cok, don haka nan ne gado ya cinye. Na bi leɓen gadon da ma'aunin maikuromita: kusa da cok ya fi na baya siranta da 0.08. Ni kuma na ɗaure farantan da ke riƙe sirdi ta ƙasa daidai da wurin da ya cinye, don kada ya yi rawa. In ya je inda ƙarfe yake da sauran kaurinsa sai ya matse.

Magani ba a kwamfuta yake ba. Baffa ya wasa bakin tsohon magagari ya mayar da shi makankari, muka riƙa kankare ƙarƙashin leɓen, ta bayan, inda bai cinye ba. Ƙasan kawai, saman da sirdi ke hawa ba mu taɓa shi ba. A shafa shuɗi, a tura sirdi, a duba inda ya goge, a kankare, a sake. Yamma huɗu. Yanzu da yatsa biyu nake tura shi daga farko har ƙarshe, kuma na kai shi na dawo sau hamsin allura tana komawa mazauninta.

Ita kuma 0.06 ta jikin bango, yawancinta murɗewar gado ce, don simintin ɗakin ba daidai yake ba. Na yanka gwangwanin lemo na cusa a ƙarƙashin ƙafa ɗaya ta baya, ta sauko 0.02. Wannan na bar ta, in aiki ya bukata zan rage ta a cikin rubutun umarni.

Asabar, 20 ga Yuli

Na canza babban moton da mai layi uku, wat 750, na sa masa VFD, akwatin da ke karɓar wutar gida mai layi ɗaya ya fitar da uku, ya kuma ba kwamfuta damar ƙara gudu ko ragewa. An huta da sauya bel daga fuli zuwa fuli.

Sai wata sabuwa. Da zarar kan injin ya fara juyawa, manhaja ta tsayar da komai wai an taɓa makunnin iyaka, alhali sirdi yana tsakiyar gado. VFD yana yayyanka wuta sau dubbai a sakan, wannan hayaniyar take tsallakawa cikin siraran wayoyin makunni, ni kuma na ɗaure su tare da na moto a dami ɗaya don kyan gani. Na raba su, na sa waya mai rigar raga, na tara duk wayoyin ƙasa a kusa ɗaya. Da na bi wayar ƙasa ta gidan kuma, ashe a bango ta ƙare, ba ta je ko'ina ba. Muka haƙa rami a bayan ɗaki, muka kafa sandar jan ƙarfe, gawayi da gishiri kamar yadda masu wayarin suke yi. Damina ce, ƙasa a jiƙe. Na san in rani ya zo sai na riƙa yi wa ramin ban-ruwa kamar shuka.

Asabar, 10 ga Agusta

Don a yanka tiredi dole kwamfuta ta san inda kan injin yake a kowane lokaci. Na yanka faifan alminiyon na ɗaura a bayan sandar kan, da tsaga 60 a gefensa, ɗaya ta fi sauran zurfi don ta zama alamar farkon zagaye. Idanun lantarki biyu masu ƙirga tsagar daga matacciyar firinta na ciro su.

Yadda na raba 60 daidai shi ne abin da ya fi yi mini daɗi. Cikin giyoyin da na yi wa ritaya akwai mai haƙora 60. Na ɗaure ta tare da faifan, na sa ɗan ƙarfe mai faɗawa tsakanin haƙora, haƙori ɗaya tsaga ɗaya. A juyi 1,500 a minti bugu 1,500 ne a sakan, tsohuwar Dell ko gezau.

Kwana uku ban shiga ɗakin ba, na tarar tsatsa ta yi wa cok ja. Yanzu kullum sai na shafe shi da mai na rufe.

Asabar, 24 ga Agusta

Na sauya wuƙa na manta ban sake gaya wa manhaja inda bakinta yake ba. Na danna, sirdi ya ruga da gudu ya daki haƙorin cok. Haƙorin kabaid da ke bakin wuƙar ya tarwatse, bel ya tsallake, wani gutsure ya huda labulen taga. Jan maɓallin tsayarwa yana jikin akwatin waya a bango, hannuna bai kai ba. Yau na dawo da shi gaban injin, daidai cinya. Na kuma sa wa ƙofar sakata ta ciki saboda yara.

Asabar, 14 ga Satumba

Tiredin farko, M20 mai tazarar 2.5, a juyi 400. Layi ɗaya ne na umarni, G76: tazara, inda zai tsaya, cin farko, zurfin ƙarshe. Wuƙa ta shiga, ta fita, ta koma, ta sake faɗawa cikin ramin da ta bari ba kuskure, ni ina tsaye hannu a aljihu. Sai dai noti ya ƙi shiga ko zagaye ɗaya.

Zurfin tiredin milimita shi ne tazara sau 0.613, wato 1.53. Haka na rubuta. Abin da na manta, ina cikin G7, inda manhajar ke karanta lambobi a matsayin kauri gaba ɗaya, ba rabi ba. Ta yanka rabin abin da nake nufi, kuma ita ce da gaskiya. Na mayar 3.07, na sake kunnawa ban kwance aikin ba, ta bi tsohon ramin ta ƙarasa. Noti ya shiga da yatsa har gindi.

Na kai wa Baffa da daddare. Ya murɗa, ya kwance, ya kara a kunne ya girgiza.

"Minti nawa?"

"Ƙasa da biyu, Baffa."

Bai ce komai ba, ya jefa a aljihun rigarsa. Har yanzu bai dawo mini da shi ba.

Asabar, 5 ga Oktoba

Yau ranar da aka yi duk wannan dominta: tiredin bututu na inci biyu, irin na bakin famfon fadama. Haƙora 11 a inci, tazara 2.309, kaurin waje 59.6. Na rubuta 2.309 kamar yadda zan rubuta kowace lamba. Babu giya, babu 127.

Na farkon ya shiga amma yana yoyo. Haƙoran kabaid da na saya masu kusurwa 60 ne, na tiredin milimita. Tiredin bututu kuwa na Ingila ne, tsarin da Joseph Whitworth ya kafa a 1841, kusurwarsa 55, kansa da gindinsa a ɗan zagaye. In yi oda in jira wata biyu, ko in je Jekadafari. Na je. Baffa ya zaro wani tsohon ma'aunin kusurwa daga gwangwanin madara, ya tsaya gaban dutsen wasa da guntun ƙarfen wuƙa, yana wasawa yana tsomawa a ruwa, yana ɗagawa sama ya ce in duba masa ko haske na wucewa. Idona, hannunsa. Na biyun ya shiga zagaye goma sha biyu, muka ɗaura a famfon maƙwabci, ko ɗigo.

Asabar, 26 ga Oktoba

Tun farkon mako galibin Arewa babu wuta. Fetur ya haura dubu. Injin a rufe.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Wani tsohon abokin cinikin Baffa daga Dadin Kowa ya ji labari, ya ce yana son bakin famfo guda arba'in kafin a shiga noman rani. Masu zubin tukwane suka zuba mini gangar jikin da tarkacen alminiyon, ni kuma fere da tiredi. Kowanne minti shida, har da ɗaurawa da kwancewa.

Baffa ya zo tun hantsi, aka sa masa kujera a bakin ƙofa, yana shan shayi, bayansa ma ya ba injin. Na auna biyar na farko, duk daidai, sai na saki jiki na daina aunawa. Muna kan na ashirin da uku ya ajiye kofi.

"Injiniya, tsayar da shi. Wuƙarka ta mutu."

Na duba allo, komai lafiya. Na duba aikin, yana ƙyalli. Na ce, "Baffa, ai yanzu na..."

"Tsayar."

Na cire wuƙar na duba da gilashin ƙara girma, bakin ya daƙushe. Zubin gida ba ya rasa yashi a fatarsa, shi ya cinye ta. Na koma baya ina gwadawa da soket: daga na goma sha tara zuwa na ashirin da uku duk sun matse a zagaye na huɗu. Ya sake wasa wuƙar, na sake saita bakinta. Huɗu daga ciki sun gyaru, ɗaya na ɓata wajen neman tsohon ramin, ya koma wa masu zubi. Daga nan na riƙa fere fatar da kabaid tukuna, ina kuma gwada kowane na biyar. Talatin da tara suka tafi a motar yamma, cikon ɗayan sai Litinin.

Kafin ya tafi ya tsaya yana kallon allon, ya tambaye ni wace lamba ce take sa wuƙa ta ci kaɗan-kaɗan. Na nuna masa. Ya ce ta yi yawa a cin farko, in rage, kuma in ƙara bi biyu na banza a ƙarshe don ta share. Na gyara a gabansa.

Saura murfin da zai kare sukurun tsawo daga ɓarɓashi, don na ga har ya fara taruwa a bakin notin. Na auna tsohuwar tiyub ta babur, kamar za ta yi. Baffa ya ce Asabar mai zuwa in ƙara girman rubutun allon, yana so ya gani da kansa.